Bangalor, Garin Agogon Talaka

'Yar'uwa mai karatu, in an ambaci Indiya na san abin da ya ke fara faɗo miki a rai. Ko dai 'yan fim ɗin nan masu rawa cikin furanni, ko kuwa asibiti, tun da ya ke yanzu da wuya ki sami unguwar da ba a taɓa ɗaukar wani daga cikinta an kai shi can neman magani ba. To, yau wata Indiya dabam na ke so in zaga da ke, Indiya ta maƙera da injuna. Garin da za mu shi ne Bangalor. Abin da zai kai mu kuwa ɗan mitsitsi ne, faɗinsa bai wuce na yatsunki biyu ba, watau wani agogon hannu da a ke kira HMT Janata.

Tun da wuri in gaya miki, ba don ya fi sauran agogo iya faɗin lokaci na ke ba ki labarinsa ba. Wayar da ke cikin jakarki ta fi shi gaskiya nesa ba kusa ba. Masana'antun da suka ƙera shi ma an rufe su tun 2016. Amma har gobe Indiyawa suna sonsa irin son da uwa ke yi wa autanta, kome rashin jinsa. Dalilin wannan so shi na bi sawu.

Bangalor tana kudancin Indiya, ita ce hedkwatar Jihar Karnataka. Tun 2014 hukuma ta mai da sunanta Bengaluru, yadda 'yan ƙasa ke faɗa, amma tsohon sunan bai bar bakin mutane ba. Harshen jihar Kannada ne, saboda haka 'yan kalmomin Indiyancin da kika tsinta a fim ba za su kai ki nesa kamar yadda ki ke zato ba, Turanci ya fi fid da baƙo. Garin yana bisa tudu, wajen mita 900 sama da teku, don haka iskarsa da sanyi-sanyi kamar ta Jos. Ni rakiyar gwaggona ce ta kai ni, aka yi mata aiki a gwiwa, muka yi mako 6. Da ya ke ɗanta yana tare da mu, in ta sami barcin rana sai in ɗauki mayafina in shiga gari.

Abu na farko da baƙo zai yi in ya sauka shi ne gyara agogonsa, nan kuwa za ki fara ganin abin mamaki. Ba awa huɗu Indiya ta riga mu ba, ba kuma biyar ba, huɗu da rabi ne cif. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano, can ƙarfe 4 da rabi ne na yamma. Duk girman ƙasar nan kuma lokaci ɗaya a ke bi, daga gabas har yamma.

Da asuba in kin leƙa ta taga, za ki ga matan unguwa sun share ƙofar gida, sun yayyafa ruwa, sun duƙa suna zana ado a ƙasa da farin gari, kowace da irin nata zanen. Kafin azahar ƙafafu sun shafe shi, gobe kuma a sake. Karin kumallonsu wata irin waina ce ta shinkafa, sunanta idli, amma turara ta a ke yi, babu ko ɗigon mai. Ga a-daidaita-sahu ko ina, daga can a ke kawo mana shi. Sai dai fa cunkoso! Mutanen garin sun haura miliyan 10, tafiyar da ba ta fi ta minti 20 ba sai ta ci miki awa guda da rabi. Na ce a raina, garin da ya koya wa Indiya duban agogo, ga shi yau da ƙyar a ke cika alkawarin lokaci a cikinsa.

In hayaniya ta ishe ki, ki nemi lambun Lalbagh, wanda Haidar Ali ya fara cikin 1760, ɗansa Tipu Sultan ya faɗaɗa shi. Eka 240 ne na itatuwa da furanni a tsakiyar gari. Ba nisa da ƙofa za ki ga wani ƙaton agogo shimfiɗe a ƙasa, fuskarsa shuke-shuke ce, hannuwansa sun fi mutum tsawo. Kamfanin HMT ne ya yi shi. Daga ran da idonki ya san haruffan nan uku, za ki riƙa cin karo da su a garin, a jikin tsofaffin kantuna da kuma hannun dattawa.

Yau in an ce Bangalor sai a ce garin kwamfuta, domin manyan kamfanonin wannan sana'a sun yi sansani a can. Amma kafin kwamfuta garin injuna ne. Bayan Indiya ta sami mulkin kai cikin 1947, gwamnatin Jawaharlal Nehru ta ƙudura cewa ƙasar ba za ta zauna tana sayar da auduga da ganyen shayi tana sayo kome da kome daga Turai ba. Aka shiga kafa manyan masana'antu na gwamnati, Bangalor kuwa ta sami rabo mai tsoka. Dā ma tana da ta jiragen sama tun 1940, aka ƙara mata ta kayan tarho cikin 1948, da HMT cikin 1953. Cikakken sunansa Hindustan Machine Tools, aikinsa na asali kuwa ƙera injunan da a ke ƙera waɗansu injuna da su, irin masu fiƙe ƙarfe da masu huda shi. Mu ma hannunsa ya taɓa mu, don tare da shi Gwamnatin Nijeriya ta kafa masana'antar irin waɗannan injuna a Oshogbo cikin 1980.

Agogo daga baya ya shigo. Cikin 1961 HMT ya haɗa hannu da kamfanin Citizen na Japan, aka aika samarin Indiya can suka koyo aikin, aka gina masana'antar agogo a Bangalor. Nehru da kansa ya ƙaddamar da rukunin farko. Hikimar abin a fili ta ke. Ƙasar da ke son jirgin ƙasa ya tashi kan lokaci, ma'aikaci ya shiga aiki kan lokaci, yaro ya isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, tilas ta sa agogo a hannun mutanenta. Ga shi kuwa ba ta da kuɗin waje da za ta yi ta sayowa daga Suwizalan. Sai aka tsananta wa na waje, aka ce ga na gida. Sunayen da aka raɗa musu ma na gida ne. Na mata na farko Sujata, sunan 'ya mace. Akwai Sona da Kanchan, duka biyu ma'anarsu zinariya. Akwai Kohinoor, sunan shahararren lu'ulu'un nan da ke hannun gidan sarautar Ingila, da Jawan, watau soja, da Pilot mai baƙar fuska. Har na makafi sun yi, wanda a ke buɗe murfinsa a shafa da yatsa. Janata kuwa ma'anarsa jama'a, talakawan ƙasa, shi ne kuma ya fi duka yaɗuwa. Kafin a rufe, agogon da HMT ya ƙera sun haura miliyan 100.

In kina son ganin unguwar kamfanin, ki nufi Jalahalli, arewa maso yamma da tsakiyar gari. Kada ki shiga mota. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, suna kiransa Namma Metro, watau jirginmu, yawancin hanyarsa a sama ya ke bi bisa ginshiƙai, har da tarago guda da aka keɓe wa mata zalla. Ki hau koren layi ki sauka a tashar Jalahalli, sa'an nan ki ɗauki a-daidaita-sahu. Kina barin babban titi sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Kamfanin ba masana'anta kaɗai ya gina ba, gari guda ya yi wa ma'aikatansa, da gidaje jere-jere, da makaranta, da asibiti, da filin wasa. Itatuwan da aka dasa a zamanin sun yi girma sun haɗa kai a sama, rana ba ta samun ƙasa sai ta ɓarauniyar hanya. Gidaje da yawa a kulle su ke, fenti ya koɗe, ciyawa ta ci ƙofa. Can kuma sai ki ga wani da shanya da tukunyar fure, alamar da sauran mai rai a ciki.

Kamfanin ya yi gidan tarihi a wannan unguwa, cikin gidan da shugabansa ke zama dā. A tsakar gida ga tarakta, don ita ma sun ƙera, ga manyan injuna a tsaye ba motsi. Ciki kuwa agogo ne a akwatunan gilashi, ɗaki bayan ɗaki. Amma ni abin da ya fi tsai da ni hotuna ne. Ga mata nan jere a dogon tebur, kowace ta sunkuya da ɗan hantsaki a hannu, suna harhaɗa ƙarafan da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai ki ce ƙwayar gero ce. Ki tuna fa, sa'o'in kakanninmu ne. Tun a wancan zamani su ke fita aikin da ke bukatar ido da haƙuri da lissafi, su karɓi albashi da sunansu a ƙarshen wata. Ni da ke koyar da 'yan mata, na so a ce ajina na tsaye a bayana.

Bari in ɗan yi miki darasi, kin san malama ba ta rabo da alli. Janata ba shi da batir. A gefensa akwai ɗan kai da a ke murzawa da yatsu biyu, wannan murzawa ita iyayenmu ke kira yi wa agogo wani. In kin murza, wani siririn ƙarfe da ke naɗe a ciki sai ya ƙara ɗaurewa, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu-sannu yana tura waɗansu 'yan ƙafafu masu haƙora, wannan na juya wancan, har zuwa hannuwan da ki ke gani. Abin da ya hana shi warwarewa lokaci guda wata 'yar ƙawanya ce mai lilo, ta je ta komo, kowane zuwa ta saki haƙori. Sau 5 ta ke bugawa a sakan ɗaya, watau 18,000 a awa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ki ke ji in kin kara a kunne. A fuskarsa an rubuta yana da duwatsu 17. Kada ki sa rai da dukiya, yaƙutu ne na haɗi, kowane bai kai ƙwayar riɗi ba, an dasa su ne inda ƙarfe ke gugar ƙarfe don kada ya cinye. Wannan tsari na Citizen ne, HMT kuwa ya yi shekara wajen 50 yana maimaita shi kusan ba canji.

Da na gaji sai na zauna a benci ina kallon masu shigowa. Yawancinsu dattawa ne da jikoki a hannu. Ba su tsayawa karanta bayanin da aka manna a bango, kai tsaye su ke nufar wani akwati, su dangwala yatsa a gilashi su ce ga nasu. Wata tsohuwa ta zauna kusa da ni, ashe malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Da ta ji sana'armu ɗaya sai ta saki jiki. Ta ce, "'Yata, a zamaninmu ba a sayen agogo haka kawai. Sai mutum ya ci jarrabawa, ko ya sami aiki, ko zai yi aure." Ta ce nata ubanta ne ya saya mata sa'ad da aka ba ta aji, sai da ya rubuta suna ya yi watanni yana jira kafin ya samu. Ta miƙo hannu ta nuna mini, ga shi nan yana tafiya. Na ce, "Mama, yana faɗin daidai kuwa?" Ta yi dariya ta ce kullum da safe sai ta daidaita shi da labarun rediyo. Ta ce, "Shekara 40 ina gyara masa kuskure, ai ba yau zan kore shi daga aji ba."

Kanchan kuwa, mai ruwan zinariya, wanda motsin hannu ke yi masa wani, wajen aure ya yi suna. Kin san al'adar can ta saɓa da tamu, iyayen amarya ke biyan ango. Doka ta hana wannan tun 1961, shekarar da aka fara harkar agogon, amma dokar ba ta hana anguna da yawa kafewa sai an haɗa musu da Kanchan ba. Wannan gefen labarin ba abin marmari ba ne. Bayan agogon da ke walƙiya a hannun ango, sau da yawa akwai uban 'ya mace da ya ci bashi, masu begen zamanin dā kuwa ba su cika tuna shi ba.

To, me ya kashe kasuwar? Cikin 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan ƙanƙanin dutse wanda lantarki ke kaɗawa. Da farko kuɗinsa ya kai na mota, daga baya irinsa ya yi arha har ɗan makaranta na iya saye. Dutsen da ke cikin na yau sau 32,768 ya ke kaɗawa a sakan, ki gwada da biyar ɗin Janata. Kuskuren da Janata zai yi a yini, shi sai ya yi wata guda bai yi ba. HMT ya gwada nasa mai batir a farkon shekarun 1980, amma bai ba shi ƙarfi ba, ya ga ai ga layi a ƙofarsa. Cikin 1987 sai kamfanin Titan, na gidan Tata, ya ɓullo daga Hosur, wani gari da bai fi kilomita 40 daga Bangalor ba, da agogon batir zalla, sirara masu kyan gani, a kantuna masu haske inda a ke yi wa mai saye maraba. Har waɗansu ƙwararrun HMT ya ɗauke. Daga 1991 gwamnati ta fara buɗe ƙofa ga kayan waje, sa'an nan wayar hannu ta zo ta sa kowa ya san lokaci ba tare da agogo ba. Hasara ta yi ta hawa shekara bisa shekara. Cikin 2014 aka ji gwamnati za ta rufe sashen agogon, farkon 2016 aka tabbatar. Masana'antun Bangalor da Tumkur da Ranibagh da ta Srinagar a Kashmir duk suka tsaya, aka sallami ma'aikata. Filin ta Tumkur aka miƙa wa hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya.

Ni dai a ganina ba agogon ne ya yi laifi ba. Mai sayar da abin da a ke yi wa layi yakan manta da tambayar mai saye abin da ya ke so, ran da wani ya zo ya tambaya kuwa, shi ke nan. Wani abin dariya, ko in ce abin tausayi, da labarin rufewa ya fita cikin 2014, mutanen da suka yi shekaru ba su waiwayi kantin HMT ba sai suka yi masa tsinke, suka kwashe kayan da suka daɗe suna shan ƙura. Uwar kamfanin tana nan ba ta mutu ba, wani ɗan sashe nata yana harhaɗa agogo kaɗan-kaɗan, akwai ma kanti a harabar gidan tarihin. Masu batir sun fi samuwa, masu wani kuwa in sun fito ba su daɗewa.

Yanzu in sha'awa ta fara kama ki, tsaya in faɗa miki halinsa, don ba a ɗaura aure a ɓoye aibi. Kullum sai kin yi masa wani. In kin cika shi zai yi kamar kwana ɗaya da rabi, bayan nan ya tsaya cik ba sallama. Murzawar ma da ladabi, in kin ji ya yi tauri ki dakata, in kin matsa kina iya yi masa rauni a ciki. Ba ya faɗin kwanan wata. Da dare bai san ki ba, don hannuwansa ba su haske, in an ɗauke wuta sai kin nemi tocila. Pilot ne aka shafa wa abin haske. Yakan yi gaba ko baya da rabin minti a yini, wani har minti guda, gwargwadon yadda aka daidaita shi da yadda aka kwantar da shi da dare. Watau a mako ɗaya kina iya samun kanki minti 5 gaba da duniya ko bayanta. Maganaɗisu kuma abokin gabarsa ne. In kin saba ɗora shi kan waya, ko kusa da maɓallin jaka mai maganaɗisu, sai ya kama gudu kamar an biyo shi.

Babban aibinsa gare mu mata shi ne ruwa. Ba su shiri ko kaɗan. Ki lissafa sau nawa hannunki ke shiga ruwa daga asuba zuwa lisha, da alwala, da wanke-wanke, da wankin shinkafa, da wankan yara. Kowane sai kin kwance shi kin ajiye. In kuwa ruwa ya shige shi, da yamma ki ga hazo ya taru a cikin gilashin, bayan 'yan makonni tsatsa ta kama. Gilashin ma ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri, ko awarwaronki ya goge ta sai ta yi zane. Sai dai wannan da sauƙi, ɗan man goge baki a tsumma, a murza, ƙaramin zane sai ya ɓace. Maɗaurin da ya ke zuwa da shi kuwa, masoyansa ma sun yarda ba abin alfahari ba ne. Ki kai wa baduku ya yanka miki na fatar akuya, ya fi shi sau goma.

Kya ce, to Malama, abu mai wannan fitina me za a yi da shi? Ai an ce so hana ganin aibi, amma ni na ga aibin kuma na sayo. Da fari dai yana da kyau irin na mai kunya. Farar fuska, siraran hannuwa, ba tarkace, ba ƙyale-ƙyale. Ko da ya ke don maza aka yi shi, agogon maza na wancan zamani ƙanana ne, sai ya zauna a hannun mace daidai. Waɗansu lambobinsu da rubutun Indiyanci ne. Kuɗinsa bai kai na turmin atamfa 'yar Holan ba. Amma babban abin shi ne yana bukatarki. Waya ba ruwanta da ke, ko kin kula ko ba ki kula ba lokacinta na tafiya. Wannan kuwa in kin manta da shi sai ya yi shiru, in kin tuna shi ya tashi. Murzawar nan ta safe ba ta kai rabin minti ba, amma bayan 'yan makonni sai ta shiga jiki kamar ɗaurin kallabi. Na tabbata wannan ce ta sa Ba'indiye in ya gaji Janata na ubansa ba ya iya jefa shi a akwati. Inda yatsan uban ya shekara 30 yana murzawa, nan nasa yatsan zai murza.

Ya kuma yi mini amfani a aji. Yaran yanzu sun tashi da lambobin waya, da yawa in kin nuna musu agogo mai hannuwa sai su yi ta kallonsa. A makarantar horon malamai an koya mana yin agogon kwali, amma kwali ba ya numfashi. Ran da na kara Janata a kunnen wata yarinya 'yar aji uku, ta zaro ido ta ce, "Malama, akwai ƙwaro a ciki!" Daga nan duk ajin suka yi layi, darasin ƙarfe nawa ya shiga a rana ɗaya. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Nawa a Chickpet na saya, watau tsohuwar kasuwar gari, wadda ke cikin unguwannin da Kempe Gowda ya shata sa'ad da ya kafa Bangalor cikin 1537. Lunguna ne matsattsu, da kantunan alharini, da 'yan gwal, da dillalan kayan lantarki, ga babura, ga 'yan dako, har da shanu suna yawonsu ba mai ce musu uffan. Ki riƙe jakarki da kyau ki yi ta kutsawa. A wani lungu, ƙarƙashin matakala, na tarar da wani dattijo mai gyaran agogo, shagonsa bai fi faɗin tabarma ba. Ya maƙala gilashin ƙara gani a ido ɗaya, gabansa 'yan gwangwanaye cike da ƙarafan matattun agogo.

Shi ya gargaɗe ni game da jabu, ni ma bari in gargaɗe ki. Tun da a ka fara begen HMT, waɗansu suka mai da shi sana'a. Su tattara tsofaffin injuna, wannan daga nan wancan daga can, su haɗa, su fente fuskar da ruwan hoda ko shuɗi mai ɗaukar ido, su rubuta Janata, su zuba a intanet da arha. Masu sanin abin suna kiransu 'yan Mumbai. Wani ya yi tafiya, wani ko mako ba ya kaiwa. Saboda haka in kin ga launi ya cika ƙyalli, rubutu kuma ya yi kauri ko ya karkace, ki ja da baya. Abin da ya fi, ki sa a buɗe miki bayan agogon a gabanki, ki ga cikin da tsabta ba tsatsa, ki kuma bar shi wurin mai gyara ya kwana yana tafiya kafin ki biya.

Haka muka yi da shi. Ya zaɓo mini wani da ya girme ni, a tsaye ya ke ko motsi babu. Ya buɗe, ya warware shi gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyalle, ya wanke, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar da kowane inda ya ke. Da ya ɗora 'yar ƙawanyar nan ya murza kan, sai ga ta ta kama lilo. Ya nuna wani agogon roba mai batir da ke rataye, ya ce, "Madam, wancan in ya mutu sai bola. Wannan kuwa suma ya ke yi." Gaskiyarsa. Da ya ke tsari ɗaya aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, kuma an ƙera miliyoyi, duk abin da ya lalace a ciki akwai irinsa a cikin wani. Rashin canjin nan da ya kā da kamfanin shi ne ya ke rayar da agogon. Ya ce in riƙa kai shi a wanke a sa mai bayan shekara huɗu ko biyar, kuma duk tsohon mai gyara da ya taɓa buɗe Citizen mai wani ba zai yi baƙunta da shi ba, ko a wace ƙasa ya ke. Wannan ya kwantar mini da hankali, don irin waɗannan dattawa muna da saura a kasuwanninmu.

Na ce, "Baba, wa ka koya wa aikin?" Ya ce 'ya'yansa biyu duk suna kamfanin kwamfuta, albashin ɗaya a wata ya fi abin da shagon ke kawowa a shekara, shi ma ba zai so su zauna ƙarƙashin matakala ba. Yaran unguwa kuwa gyaran waya su ke son koya. Ya ɗauki gwangwani guda ya girgiza, ƙarafan suka yi ƙara, ya ce abin da ke ciki zai ishe shi iyakar kwanakinsa. Ya naɗe mini agogona a takarda, ya mai da gilashinsa ido, ya jawo na gaba.